Saƙon da Ya Ɓata Sunan Zuhura

Shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai yi kai ba, kwana uku Zuhura ta yi tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan, tana sauya mata ruwa, don ɗacin ya fita ɗiyarta Lalla ta samu abin sa wa a ciki. Wayyo rayuwa! Mijinta Tanko ya rasu bara, akuya biyun da ya bari sun bi kasuwar Kanan-Bakashe, ga farashin hatsi ya hau tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka. Ba abin da ya rage mata a duniya sai sunanta mai kyau, kuma da shi take shiga kowane gida a ƙauyen.

Saboda wannan sunan ne, da ƙungiyar agaji ta zo daga Mayahi rubuta gidajen da za a ba gero, mata suka ce Zuhura suke so ta riƙe rajista. Madam Hajara, jami'ar ƙungiyar, ta damƙa mata wayar da ake shigar da sunaye, da lambar sirrin buɗe ta. Wannan zaɓi bai yi wa Maharazu daɗi ba, yayan marigayi, mai rumfar cajin waya, wanda ya yi lekol, wato boko, har koleji yake ganin duk garin ba mai kai kamarsa. Ya yi murmushin yaƙe ya ce Allah ya taya riƙo.

Wata ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo da Faransanci. Zuhura sunaye da lambobi ta iya karantawa, dogon Faransanci kuwa sai a hankali. To wa za ta kai wa in ba yayan mijinta ba? A wurinmu mace ba ta tsallake babban gida ta kai sirrinta waje.

"Yaya, duba mani wanga mesaj, mi suka ce?"

Ya karanta yana girgiza kai. "Innalillahi! Mutanen Mayahi ne. Sun ce kod ɗinki, lambar sirrin nan, ya tsuhwa, ki aika tsohon da sabon da kike so cikin awa guda, in ba haka ba su rufe rajistar garin ga baki ɗai."

"Baki ɗai, Yaya? Har marayu?"

"Har marayu. Ki yi maza, kada ki ja muna."

Nan take ta rubuta ta aika, har tana yi masa godiya, baiwar Allah!

Ranar rabo, mata suka yi layi cikin rana da buhunansu a naɗe. Aka kira suna bayan suna... babu tsohuwa Ladi, babu Zara'u mai goyon tagwaye, babu gidajen gwauraye da yawa. A madadinsu sai wasu baƙin maza da ba wanda ya san iyayensu suka ɗora buhuna a amalanke suka wuce. Da aka tambaya, direban da ya kawo geron ya ce shi abin da ke cikin rajista ya bi, kuma da lambar Zuhura aka gyara ta.

"Kin ci amanarmu, Zuhura!" Zara'u ta faɗa tana kuka. "Kin sayar da bakin ɗiyana!"

"Wallahi ban taɓa sunan kowa ba... wallahi!"

Wa zai saurare ta? Daga ranar, in ta isa rijiya sai hira ta mutu, ba mai kama mata tulu. Aka daina aiko mata goron suna. Surukarta Inna Aishatu, wadda Maharazu ya cika wa kunne, ta watso mata kayanta waje ta ce gidan ɗanta ba ya ɗaukar ɓarauniya. Zuhura ta koma wata bukkar kara a bakin gari, ita da Lalla da ƙwaryar anza. Kuka ma ya gaji da ita. Sai dai bayan sallah ta daɗe zaune a kan buzu tana cewa, "Ya Allah, ban roƙe Ka gero ba, sunana nike roƙo. Kada in mutu ɗiyata ta gaji wanga suna."

Sati uku ana haka, Madam Hajara ta dawo da jandarma biyu, aka taru a ƙofar maigari. Aka kawo Zuhura, ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu.

"Wa kika ba kod ɗinki?" Madam ta tambaya.

"Ku na ba, Madam. Ku kuka aiko in sauya."

Madam ta karɓi wayar ta karanta saƙon, sannan ta ɗaga murya. "Jama'a, ku ji da kyau. Mu ba mu taɓa aika wa kowa mesaj ya turo muna kod nai ba, kuma ba za mu yi ba. Duk wanda ya ce ka aiko lambarka ta sirri, yana yi maka barazana da awa guda, ɓarawo ne. Wagga lambar waya da ta aiko mesaj ɗin ma ba tamu ba ce. Bari mu ji mai ita."

Ta danna kira. Sai ga ƙara na fitowa daga aljihun Maharazu, wanda ke zaune a sahun gaba yana jan carbi! Ya dafe aljihun kamar mai kama kaza, amma ina! Kafin la'asar an buɗe ɗakin bayan rumfarsa, ga buhunan gero jibge, an tafi da shi Mayahi a bayan mota, kansa a sunkuye.

Zara'u ce ta fara faɗuwa gaban Zuhura tana neman gafara, sauran mata suka bi. Ita dai hawaye kawai take, ta rasa ƙarfin yin farin ciki. "Na yafe," take ta cewa, "na yafe, ku tashi."

Aka mayar mata da wayar, aka sake rabo da bakinta, kowa ya ji sunansa. Mutum ɗaya ce ba ta fito karɓa ba. Zuhura ta ɗora buhun a ka, ta bi hanyar gidan da aka kore ta, ta sauke a ƙofar ɗaki. Inna Aishatu na zaune a ƙasa, ɗa guda a kabari, guda a hannun jandarma. Ta ɗago, ta kama gefen zanen Zuhura da hannu biyu.

"Ɗiyata... ke kaɗai kika rage mani."

Zuhura ta share mata hawaye, ta ce, "Tashi, Inna. Ina turmin yake?"