Kaskon da Bai Ƙona Kafet Ba

Ana kiran sallar la'asar direba ya tura ƙofar, ya tarar da Alhaji Abdulaziz a kishingiɗe kan kujerar fata, babu rai, baki a buɗe, guntun taba ya mutu a tsakanin yatsunsa. Irin babbar tabar nan ce ta naɗin ganye da ake kawowa daga waje. A bayan doguwar kujera kuma ga kasko cike da tokar gawayi, da sauran ɗuminsa.

Gidan shan taba ne na manya a Gusau, babu allo a ƙofa, wanda ya sani ya sani. Kafin Sufeto Halliru ya iso, yaran Alhaji sun riga sun yi bincike, sun yi shari'a, sun yanke hukunci. Kaskon na Lami ne, mai shara, wata bazawara 'yar Nahuce da ke turara farfajiya kowace safiya. Suka kwantar da ita a kan siminti suka yi ta taka ta. Halliru ya same ta a jikin bango, hannunta na dama ya kumbura kamar gorar nono. Ransa ya ɓaci, don ya san in bai samo wani ba kafin gobe, ita za a rataya wa kisan.

Likita ya duba gawa ya ce hayaƙin gawayi ne. Halliru ya tsaya yana kallon ɗakin. Babu taga ko ɗaya. Bango an lulluɓe shi da fata mai duhu, ƙofa an kewaye ta da roba, fitila ɗaya ce tal, ita ma kamar tana jin kunya. A sama akwai fankar zuƙe hayaƙi, a tsaye cik. Ya laluba ko'ina bai ga makunninta ba.

Ya fara da direban, Lawali.

"Ina kake da azahar?"

"Tsahe nit tahi, Yallaɓai. Alhaji ya aike ni ɗaukko mashi kilishi."

"Wa ya gan ka?"

"Mai kilishi, da sojojin kan hanya. Sunka tsaida ni hal na ƙosa."

"Alhaji yana zaginka?"

"Wa na na bai zaga ba?"

Waya biyu Halliru ya buga, maganar Lawali ta tabbata. Ya sallame shi, ya tsuguna gaban Lami.

"Inna, kaskonki ne?"

"Nau na. Bayan ɗaki nika aje shi."

"Kin taɓa shiga da shi can?"

Ta ɗaga hannun hagu, mai lafiyar. A bayansa akwai tabon ƙuna, zagayayye kamar kwabo.

"Sau guda, bara. Na ce in turara mashi ɗaki. Yac ce turare na ɓata ɗanɗanon tabarshi. Nan yak kashe ta."

Wannan magana ba ta taimake ta ba, sai ma ta ba ta dalilin kisa. Halliru ya ji tausayinta ya kama shi, ya miƙe.

Mai gidan, Mahadi, yana ofishinsa cikin farar shadda, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Matashi ne ɗan babban gida, ya yi yawon ƙasashe, kuma shi da kansa ya zana wurin.

"Abin takaici ne, Sufeto," in ji shi. "Mutanen ƙauye ba su da yafiya."

"Zagaya da ni in ga gidan."

Nan fa bakin Mahadi ya buɗe. Ya nuna rumfa a buɗe ƙarƙashin wani tsohon mangwaro da mahaifinsa ya shuka, da kujerun kaba, da tagogi masu raga. Ya ce masu shan taba kashi biyu ne. Akwai masu son iska da haske da hira, hayaƙi ya tashi ya bi ganye. Akwai kuma masu son duhu da shiru, su shige rami kamar gafiya.

"Alhaji fa?"

"Gafiya," ya ce, sannan ya gyara fuska. "Allah ya jiƙansa. Ɗakin nan da dutsen Kwatarkwashi na yi masa ado, ni na zaɓi kowane falle. Ya ce ya yi kama da makewayi, a rufe da fata. Taga uku na fitar, ya sa aka toshe."

"Me ya sa ba ka ƙi ba?"

"Da sunansa gidan ke tsaye. Ya janye hannu yau, gobe a rufe mu."

"Ina makunnin fankar?"

Mahadi ya yi murmushin gwani. Ya shiga ɗakin, ya danna wani gefe na fatar bango, wata 'yar ƙofa ta buɗe.

"Ba na son ganin waya ko makunni a fili. Suna ɓata ido."

"Su wa suka san da wannan?"

"Ai... kowa zai iya ganowa."

"Ni ban gano ba."

Halliru ya sake duba bayan kujera. Tokar fara ce fat, babu ƙamshi, babu daskararren turare. Ya ɗaga kaskon. A ƙarƙashinsa akwai fallen dutse mai santsi. Ya dubi kafet, ya ga ramukan ƙafafun kujera a gefe guda, kujerar kuwa an matsar da ita gaba kamar taku ɗaya.

Ya fita ya sa kofur ɗin da ya zo da shi ya samo garwashi wurin mai shayi, aka zuba a kaskon. Ya kira Lami.

"Ɗauki ki kai ɗakin, ki ajiye inda kika ga dama."

Ta ɗauka da hagu, ta shiga, ta dire shi a tsakiyar kafet kamar yadda take yi a tsakar gidanta.

"Ke! Ɗauke! Ɗauke, jaka!"

Mahadi ne. Ya bangaje ta, ya sure kaskon da hannu biyu, zafi ya sa ya yi ƙara, amma bai sake shi ba sai da ya kai shi bakin ƙofa kan tayil. Ya dawo ya durƙusa yana shafa kafet ɗin.

"Daga Turkiyya na ɗauko shi a kafaɗata," ya ce yana haki.

"Na gani," in ji Halliru. "Zauna, Malam Mahadi."

Ya zauna.

"Wanda ya shigo da gawayin ya jira Alhaji ya yi barcin da ya saba bayan abincin rana. Bai sa turare ba, don ya san ƙamshi zai tashe shi. Lami ma ta san wannan. Amma ya kashe fanka da makunnin da ke ɓoye a bango, ita kuwa ko kujerar nan ba a barinta ta goge. Sannan ya shimfiɗa dutse don kada kafet ya ƙone, ya matsar da kujera don kada zafi ya fasa fatar. Matar da aka kashe wa taba a hannu saboda ɗakin nan, me ya dame ta da kafet? Sauran fallayen dutsen kuma na gan su a jingine bayan teburinka, a ofishin da kai kaɗai ke da mukullinsa."

Mahadi ya dubi tafukansa da suka fara tasowa. Da ya buɗe baki, babu nadama a muryarsa ko ƙwayar zarra.

"Jiya ya ce a sare mangwaron. A rufe rumfar da kwano, a manna fata, a kawo talabijin. A gaban baƙi ya kira ni mai gadin toka. Sufeto, mutumin nan bai san kyau ba. Duk abin da ya taɓa sai ya munana."

"Ita fa?" Halliru ya nuna Lami. "Kana tsaye suka karya ta."

Mahadi ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta.

"Kaskonta ne ya fi kusa."

Kofur ya sa masa ankwa a kan ƙunar, bai kuma sassauta ba.

Lami ba a ba ta haƙuri ba. Yaran Alhaji sun watse tun da suka ga ankwa, manyan da ke zaune a rumfa kuwa suka ci gaba da busa hayaƙinsu, ɗaya har yana tambaya ko gobe za a buɗe. Halliru ya kai ta wurin mai ɗori a Bungudu. Mai ɗorin ya juya hannun, ya ce zai warke, amma yatsun ba za su ƙara damƙe tsintsiya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko za a mayar mata da kaskonta, aka ce ya zama shaida.

Da Halliru ya koma caji ofis, ana tura Mahadi cikin sel. Ya tirje a bakin ƙofa, yana kallon baƙin bango da ƙwan fitila da ke lilo a jikin waya tsirara.

"Sufeto, nan babu taga. Yaya mutum zai yi numfashi?"

Halliru ya leƙa ciki, ya gyaɗa kai.

"Da Alhaji ya gani, da ya yaba," ya ce, ya ja ƙofar ya rufe.