Wayar Baffa Gana Ta Yi Ƙara

Rahmatu na tsakar gida tana tsince shinkafa da hantsin Juma'a, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba: "Gobe Asabar, ɗaurin auren Rahmatu da Fatihu."

Ai an ɗage! Tun da kogi ya cika ya shafe hanyar Auyo aka mayar da bikin sai bayan wata guda.

Fatihu ne ya sa lambar QR a jikin katin gayyata. Duk wanda ya haska ta da waya, ranar sai ta shige kalandarsa. Da aka ɗage ya tura wa kowa saƙo, amma tsohuwar ranar tana nan zaune a wayoyin mutane.

Mahaifinta, Malam Bala, ya fito daga ɗaki riƙe da tasa wayar.

"Ke! Wa ya je ya faɗa wa Yaya Gana an ɗage?"

"Abba, Fatihu ya tura masa saƙo..."

"Saƙo? Garin da babu netwok tun da ruwa ya zo?"

Baffa Gana ne waliyyinta, yana wani ƙauye a ƙetaren ruwa, kuma ita da hannunta ta haska masa lambar. Kalanda kuwa ba ta neman netwok kafin ta yi ƙara. Shi kuma mutum ne da ba ya saɓa lokaci, tun jajibiri yake tahowa.

"Wallahi in Yaya ya shiga kwalekwale a wannan ruwan wani abu ya same shi, babu ke babu yaron nan!"

Ta kira Fatihu tana kuka. Ya ce, "Laifina ne. Ga ni nan zan bi hanya."

"Kada ka shiga ruwan nan, Fatihu, don Allah!"

Amma ya riga ya kashe.

Azahar ta wuce, la'asar ta zo. Wayar Baffa a kashe, ta Fatihu ma ta daina shiga. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce ta ji an ce wani kwalekwale ya kife wajen Auyo. Rahmatu ta zube kan sallaya, ba ta iya faɗin komai sai "Ya Allah, su biyun."

Dab da magariba aka yi sallama. Baffa Gana ne, garau, babbar rigarsa a kafaɗa. Bayansa Fatihu, taɓo har ƙirji, takalmi ɗaya.

"Na ji ƙarar abin naku," in ji Baffa. "Na je bakin ruwa na dube shi, na koma gida. Shekara sittin ina su a kogin nan, waya ce za ta ce min in shiga? Na san dole an ɗage, sai dai na rantse ba zan ɗaura auren da aka ɗage ba a faɗa min ba. Ina zaune sai ga wannan ja'irin, ya zagayo da ƙafa ta kan jingar da ke tare ruwan, ya durƙusa. Ta nan ya biyo da ni. Bala, wanda ya taka wannan taɓon ya ci a ba shi mata."

Malam Bala ya sunkuyar da kai. Rahmatu ta fashe da kuka, har da dariya.

Sabon katin ma da lambarsa ya fito. Amma gidajen manya, Fatihu da ƙafarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da goro. Waya tana tuna wa mutum rana, amma ba ta iya durƙusa wa babba.