Dusar Injin Tatsa-Rana

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, ruwa na zuba tun asuba kan rufin gilashin birnin Sabon Kwari, aka kunna Tatsa-Rana karon farko. Injin ya kai tsawon rumbu uku a jere. Ta baki ɗaya yana haɗiye matattun faifan sola da tsofaffin batura, ta ɗayan yana fitar da tagulla da azurfa. Ta ƙasa kuma wani gari ruwan ɗorawa yake zubowa cikin bokiti.

Ilu aka ɗauka aikin shara. Kafin nan shekara tara ya yi yana niƙa a kasuwa, inda doka ɗaya ce: dusar da ta saura ta mai niƙa ce. Duk la'asar injin yakan ce da muryar mace, "Kadmiyam. A rufe bokiti." Ilu sai ya rufe shi da kyau, ya ɗora a kekensa mai tashi, ya kai gida. Babu wanda ya gaya masa wani wurin kaiwa.

Mahaifiyarsa, Iya Kande, tana noman shinkafa cikin tankuna a saman bene na goma sha biyu. Ta murza garin a yatsa.

"Wannan dusar ta Turawa ce ko ta aljanu?"

"Ta gwamnati ce, Iya."

"To ai gara ta aljanu. Zuba a takin."

Tsutsa ta daina kusantar tankunan. Iya ta yi murna, duk Juma'a tana aika wa maƙwabta tuwo.

A shekara ta shida bayanta ya fara ciwo. Ta riƙa tafiya kamar agwagwa. Wata safiya ta yi atishawa, haƙarƙarinta ya karye.

Likita Barira ta ɗora mata na'urar duba jiki, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta tambayi abin da suke ci. Ta bayyana wa Ilu cewa kadmiyam ne a jikin Iya, kuma shi ƙarfe ne mai guba. Shinkafa takan sha shi daga ƙasa, ya taru a ƙodar mutum, ya zauna shekara ashirin ko fiye. Idan ƙoda ta lalace, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi sai ya riƙa bin fitsari yana fita.

"Amma likita, dafawa muke yi. Har ta yi laushi."

"Wuta ba ta kashe ƙarfe, Malam Ilu."

"Ni ban taɓa tauna ƙarfe a tuwon Iya ba."

"Ba za ka ji shi ba."

Iya ta ɗago daga gado da ƙyar. "Yarinya, shinkafata ce fa. Ni na shuka, ni na sheƙe. Ta ina ya shiga?"

Ilu ya fita ba tare da ya san inda ya nufa ba, sai ga shi gaban Tatsa-Rana. Ya tsaya cikin ƙarar niƙa.

"Kin ce a rufe, na rufe! Me ya sa ba ki ce guba ba ne?"

"Kadmiyam," in ji muryar. "A rufe bokiti."

Masu birni sun ce injin bai yi kuskure ba ko sau ɗaya, har yanzu ma yana aiki. Abin da aka rasa shi ne tanki goma sha ɗaya na ƙasar noma, buhu arba'in na shinkafa da aka binne, ƙodar mutum bakwai a benen, har da ta Ilu. Iya kuwa ta rage tsawo da yatsa huɗu, kuma ba ta sake iya sujada ba.