Guguwa da Farin Layi

A wani gari can ƙasar Indiya, an yi wani saurayi gwanin jifa a wasan kurket. In ya sheƙo a guje ya saki ƙwallo, fiuu, sai sandunan nan uku da abokin karawa ke tsarewa su tarwatse. Da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Guguwa.

To, wasan yana da doka: akwai farin layi a ƙasa, duk wanda ƙafarsa ta haura shi wajen jifa, jifan ya tashi a banza. Kullum tsohon da ke horar da su sai ya ce, "Ɗana, ƙirga takunka." Guguwa sai ya ranƙwafa, ya maƙe murya, "Ɗaaana, ƙirga takunka! Baba, ni ke gudun ko kai?"

Ran nan aka zo zaɓen mutum ɗaya da zai shiga ƙungiyar jiha. Guguwa ya sheƙo, sanduna suka tarwatse. Alƙalin wasa ya ce, "Ka haura layi." Ya sake sheƙowa, sanduna suka tarwatse. "Ka haura layi." A na uku har da tsalle da bugun ƙirji. Alƙali ya yi hamma, ya nuna masa sawunsa.

Aka ɗauki wani mai sanyin hannu da ya kayar sau ɗaya tak.

Guguwa ya kama ihu, "Ai ni sau uku na kayar!"

Tsohon ya ce, "Mun gani, ɗana. Tsince su ka kai ɗakin ajiya, motar jiha ta tashi."