Foldar da Sai An Kira Sunanta

Garajen kai ƙara, shi ne laifin. Ku ji yadda baki ke yanka wuya.

A wani ofishin zanen gine-gine, kwamfutoci takwas masu aiki da manhajar Yuniks suna ɗaure da babbar kwamfutar ajiya. Ran da ta yi tari, duk sai su sandare. Mai ofishin ya ɗauko Injiniya ya gyara. Yana ƙarƙashin tebur yana jan waya, ya ɗago, kansa ya gwaru da katako, idonsa ya faɗa cikin na Auta, 'yar mai ofishin, wadda ke zanen wani asibiti.

"Sannu, Malam," ta ce tana danne dariya. "Teburinmu bai ji ciwo ba dai ko?"

Tun daga ranar, kullum akwai wayar da ke son dubawa kusa da kujerarta.

Gyaransa kuwa, kwance ɗaurin ya yi. Yanzu folda ba ta fitowa sai ka rubuta sunanta, kwamfuta ta ɗauko ta daga ajiya. In ta yi minti biyar ba a taɓa ta ba, ta saki. Ya tara kowa ya yi bayani, ban da Manaja, wanda ya ce ya fi ƙarfin a koya masa. Shi ma Autar yake so.

Ana gobe miƙa zanen, Manaja ya leƙa kwamfutarsa, ya ga wurin foldar zanen fayau. Bai tambayi kowa ba, sai ofishin uban Auta.

"Ranka ya daɗe, surukin naka ya share aikin wata shida!"

Uban ya sa aka hana Injiniya shigowa. "Mai ɓarnar aiki ba zai riƙe mini 'ya ba."

Wayar Auta ta yi ƙara, Injiniya ne: "Zumata, kada ki yi gardama da Baba. Kai shi gaban kwamfutar Manaja, shi da kansa ya rubuta sunan foldar, wato asibiti."

Auta ta kai shi. Uban ya gyara tabarau, ya danna da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Sai ga zane ɗari da goma, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

"Baba, in kira shi?"

"Da gudu. Ki ce ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure, aka sha albarka, Allah ya ba da zaman lafiya.

Manaja fa? Ya rasa Auta, ya rasa kujera, ya rasa yardar mutumin da ya riƙe shi shekara tara. Da ya tambaya, da ɗaya kawai ya rasa: Auta.