Ramin Ruwa a Tsohon Lambun Dabino

A unguwar Aziziyya ta Madina akwai wani yaro ɗan aji shida. Shi ne mai raba ƙwallo a ƙungiyar makarantarsu. A tsakiyar fili yake tsayawa, ya tura wa 'yan gaba su ci.

Bara babu kamarsa. Yana da aboki, Lurwanu, mai gudu ta hagu. Ko bai ɗaga kai ba ya san inda Lurwanu yake. Sai aka mayar da baban Lurwanu aiki garin Yanbu, gidan duka suka tashi.

Malamin wasanni, Ustaz Hafizu, ya kawo sababbin 'yan gaba biyu, Saif da Zubair. Su ta dama suke gudu. Amma gogan naka, kai a sunkuye, hagu yake ta turawa. Sai ƙwallo ta gangara ita kaɗai, a hankali, zuwa inda babu kowa. Ƙananan yara har sun fara raɗa, wai yana wasa da wanda ba a gani.

Wasa bayan wasa, ko ƙwallo ɗaya ba su ci ba. Yaron ya ce laifin sababbin ne. A gaban kowa ya ce musu duwatsu ma sun fi su amfani.

Ustaz ya kira shi gefe. Ya ce masa, "Ya waladi, ɗana, ranar Laraba akwai wasa. In ban ga canji ba, zan zaunar da kai, in sa wani."

Wannan magana ta tsaya masa a rai. Yana son wurinsa ƙwarai, kuma yana tsoron rasa shi.

Bayan azahar ya ɗauki ƙwallo. Ummansa ta gan shi a bakin ƙofa.

"Ina za ka da tsakar ranar nan? Kada in ji ka shiga tsohon lambun can."

"Tayyib, na ji, Umma," in ji shi. Can ɗin kuwa ya nufa.

Lambun dabino ne da aka daɗe da bari. Itatuwan sun bushe a tsaye. Babu tsuntsu, babu mage, ko ƙarar mota ba a ji. Ya jera baƙaƙen duwatsu a matsayin 'yan wasa, ya fara tura musu ƙwallo. Su dai ba sa gardama. Sai dai duk lokacin da ya juya baya, sai ya ji kamar suna kallonsa.

Babu iska, amma wani busasshen reshe ya yi kwaram a bayansa. Ya waiwaya. Babu kowa.

Ya daure ya sake bugawa, hagu kamar kullum. Ƙwallo ta wuce duwatsun, ta gangara, ta ɓace. Da ya bi ta, sai ya ga ramin siminti mai zurfi, inda dā ake tara ruwan ban-ruwa. Yanzu a bushe yake. Ƙwallo na can ƙasa.

Akwai tsohon tsani na katako. Ya taka, ya sauka. Ƙafarsa na taɓa ƙasa, ruɓaɓɓen tsanin ya karye ya zube.

Ya yi tsalle, bai kai ba. Ya kama bango, santsi ya dawo da shi. Ya ƙwala kira, "Akwai wani?"

Daga bangon ramin wata murya ta ce, "Wani... wani..."

Ya san muryarsa ce take dawowa. Duk da haka ya tsorata. Ya zauna ya rungume ƙwallo. Ƙishirwa ta kama shi. Inuwa ta riƙa rarrafowa a kan simintin har ta rufe ƙafafunsa. Can nesa ya ji kiran sallar la'asar, siriri, kamar daga wani gari. Ya cusa kai tsakanin gwiwoyi ya yi kuka.

Sai ya ji taku. Cas, cas, a kan busassun ganye. Takun ya tsaya. Ya sake tahowa. Ƙasa ta ɗan zubo masa a wuya. Yaron ya runtse ido, yana karanta duk addu'ar da ya sani. Wani abu dogo, baƙi, ya sulalo ta bango ya taɓa kafaɗarsa. Ya ƙanƙame jiki, ya ƙi motsi.

"Ɗaga kanka mana," in ji wata murya. "Ga mu nan ta damanka."

Ya ɗaga. Saif ne da Zubair, sun leƙo, suna riƙe da tsohon tiyon ban-ruwa. Baban yaron na bayansu. Ashe da Umma ta ga shiru ta shiga tambayar maƙwabta, Zubair kuma ya ce ya ga shigarsa lambun. Ko takalmi Zubair bai tsaya sawa ba, ya yi musu jagora.

Suka ja shi tare har ya fito. Kunya ta hana shi kallonsu. Da ƙyar ya ce su yafe masa maganar duwatsu. Saif ya yi dariya, ya ce dutse dai ba ya jan tiyo.

A gida ya ba Umma haƙuri. Ta ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi, sannan ta yi masa faɗa sosai.

Washegari ya tambayi abokan nasa yadda suke son a ba su ƙwallo. Saif ya ce a ƙafa. Zubair ya ce a gabansa, ya bi da gudu. Abin da bai taɓa tambaya ba ke nan. Suka yi ta gwadawa har suka saba.

Ranar Laraba ƙwallo ta zo masa. Ya tare, ya ɗaga kai, ya ga Zubair ya ɓalle. Ya tura masa a gaba. Zubair ya buga, raga ta girgiza, yaran makaranta suka cika fili da ihu.

Ustaz Hafizu ya dafa kansa, ya ce wurin nasa ne. Sannan ya tambaye shi abin da ya koya.

Yaron ya ce, "In ji maganar Umma. Kuma in daina ɗora wa wasu laifina. In duba waɗanda ke tare da ni, in yi aiki da su."

"Madalla," in ji Ustaz. "To, je ka, suna jiranka."