Jiniyar Jirgin Boba Zuna

Ƙarfe biyu na rana aka kira Sufeto Zahur Zargar zuwa tafkin Dal. Ya hau kwale-kwale yana tsaki, domin ya tsani binciken da ya shafi mutanen kan ruwa. Mazauna jirage duk dangin juna ne, ka tambayi ɗaya, goma su rufe baki.

Boba Zuna, tsohuwa mai ciwon huhu, ta rasu a ɗakinta cikin jirgin da suke zaune. Injin da ke ba ta iskar shaƙa da wutar lantarki yake aiki, ta wayar da aka jawo daga gaɓa. An ɗauke wuta da sha biyu, ba a tayar da janareta ba, injin ya tsaya.

Ɗanta Makbul yana durƙushe a bakin ƙofa, laka har gwiwa. Tuni maƙwabta suka yanke masa hukunci da ido.

"Ina kake da aka ɗauke wuta?"

"Ina lambu, Yallaɓai, ga shi can bayan ciyayi. Na sa jiniya a kan rufi. Wuta na ɗaukewa take ƙara, minti uku na iso. Shekara biyu ban taɓa makara ba."

"To yau fa?"

"Wallahi ban ji komai ba."

Wani mai tumbi ya matso, kaskon garwashi na jin ɗumi a ƙarƙashin rigarsa. Subhan Kotru ne, mai jirgin saukar baƙi da ke maƙwabtaka da su.

"Yallaɓai, ba na son shiga maganar mutane, amma ta yi ƙara. Da kunnena na ji. Yaran yanzu ne sai addu'a."

Yaron da ake magana a kansa ya haura hamsin, furfura ta cika masa gemu. Sufeto ya juya ga sauran.

"Ku fa, kun ji?"

Wannan ya ce yana salla, wancan ya ce mura ta toshe masa kunne. Wata mata ta ce sau takwas ake ɗauke wuta a yini, wa zai zauna yana ƙirga ƙara? Aka miƙo masa shayin gishiri maimakon amsa. Ransa ya ɓaci sosai. Idan maganar Subhan ta tsaya, Makbul zai kwana a caji ofis, kuma har ya mutu sunansa wanda ya bar uwarsa ta shaƙe.

Sufeto ya duba janareta, akwai mai, ja ɗaya ya tashi. Zuwa lokacin an dawo da wuta, sai ya ce wa Kofur Nisar, wanda suka zo tare, ya zare wayar gaɓa.

Jar fitilar akwatin gargaɗi da ke haɗe da jiniyar ta kama. Daga rufi kuwa sai wani ɗan gurnani kamar na kyanwa mai barci.

"Hau ka duba."

"Yallaɓai, katakon nan ya girmi kakana."

"Nisar, hau!"

Kofur ya sauko da dunƙulen auduga baƙi ƙirin, ya ce daga maƙogwaron jiniyar ya zaro shi. Irin audugar da ake jiƙawa da kwalta a cusa tsakanin katakan jirgi ce, kuma kwaltar ba ta gama bushewa ba.

Sufeto ya bi jiragen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Guda ne kawai gefensa ke sheƙin sabon aiki, na Subhan.

A falon Subhan, kafet sai ka nutse. Ya ce auduga ai kowa na da ita a tafkin nan, kuma shi gwiwarsa ba ta hawa rufi.

"Ka tabbata ka ji ta yau?"

"Kamar yadda nake jin ka."

"Mu da muka tsaya a ƙarƙashinta da kyar muka ji. Kai kuma ta ratsa katako da labule ta same ka. Allah ya ba ka kunne, Subhan."

Littafin baƙi na kan tebur. Sufeto ya buɗe shafin ƙarshe ya karanta a fili. Wasu ango da amarya daga garin Pune ne suka rubuta: ranar farko wata jiniya ta hana su sakat har suka ɗaure kaya, amma mai jirgi, mutumin kirki, ya ce su bar masa, daga nan ba su sake jin ta ba.

"Yaushe suka tafi?"

Subhan ya ajiye kaskon a hankali. "Ranar Litinin."

"Yau Alhamis."

"Yallaɓai, baƙi huɗu na rasa a kakar bana saboda ƙarar nan. Na roƙi Makbul ya rage ta, ya ce sai dai in rage jirgina. Kwana biyu kawai na yi niyya. Na ce suna tafiya zan cire."

"Me ya hana ka?"

Subhan ya rufe fuska da hannu. "Na manta. Wurin ya yi shiru, na ji daɗi, na manta."

Makbul da aka kira yana tsaye a ƙofa. Ya ce kwanakin nan yana gida yana gyaran raga, shi ya sa bai lura ba, jar fitilar yake gani ya tashi ya tayar da janareta. Yau ce ranar farko da ya fita. Bai zagi Subhan ba, bai ko dube shi ba.

Nisar ya sa wa Subhan ankwa. Da suka fito, maƙwabta sun cika gadar katako. Sufeto ya tsaya a gabansu.

"Kwana biyar jiniyar nan ba ta yi ƙara ba. Sau takwas a yini, in ji ku. Ba wanda ya lura?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Matar nan ce ta yi magana, can ƙasa-ƙasa.

"Mun lura, Yallaɓai. Cewa muka yi Allah ya kawo mana sauƙi."

Sufeto ya duba hannun Nisar. Ankwa ɗaya suka zo da ita, ba za ta ishi mutanen da ke kan gadar ba. Ya shiga kwale-kwale ya ce a tuƙa.